Ƙofar da Yaya Ya Bari

Tun da Yaya ya tafi aiki wani gari mai nisa, gidan ya yi wa Auta faɗi. Kullum sai ta leƙa ɗakinsa. Ba kowa, sai kujera da tsohuwar kwamfutarsa.

A cikin kwamfutar akwai manhajar da Yaya ya rubuta. Tana sa tsuntsaye su tashi a allo kamar masu rai. Auta kuma tana haɗa wasan kwamfuta don nunin makarantarsu. Burinta ɗaya ne: tsuntsayen Yaya su tashi cikin wasanta, ya gani ta waya.

Sai dai ita yaren kwamfuta na Python ta iya, shi kuwa da wani yaren mai suna C++ ya rubuta. Dole a yi musu gada.

Malamar kwamfuta ta duba, ta ce, "Yayanki ya bar ƙaramar ƙofa da yaren C. Umarni uku take karɓa: tashi, juya, sauka. Nan za ki ɗaura gadarki."

"Malama, ƙofar ta yi ƙanƙanta. Can ciki ya fi kaya."

Gaskiya ba kayan ne suka ja ta ba. Can ciki take ganin rubutun Yaya, har da zolayarsa a gefen layi. Idan tana karantawa, sai ta ji kamar yana zaune kusa da ita. Ta yi kunnen ƙashi, ta ɗaura gadar a ciki.

Ana gobe nuni, Yaya ya turo sabon gyara. Ya ce ya ƙara wa tsuntsayen launi. Auta ta saka da rawar jiki. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ko fiffike ɗaya bai motsa ba.

Ta kira shi tana kuka. "Yaya, na kashe maka tsuntsaye."

"Ta ina kika shiga?"

"Ta ciki."

Ya yi dariya. "Auta sarkin rigima. Ciki ai kullum ina sauya shi. Ƙofar ce ba na taɓawa. Saboda ke na yi ta, don ko ina nesa mu riƙa aiki tare."

Ta share hawaye. Da yamma ta ba Malama haƙuri, suka mayar da gadar bakin ƙofa.

Ranar nuni, Mama ta ɗaga waya sama. Tsuntsaye jajaye da koraye suka cika allo. Daga cikin wayar aka ji Yaya yana tafi, yana cewa, "Wannan ƙanwata ce."

Tun daga ranar Auta ta gane cewa jin maganar na gaba ba ya sa a yi asara. Kuma wanda zai ɗaura gada, ya nemi wurin da ba ya motsi.