Ruwan Lagireto

Shekara da shekaru Sharfaddeen yana fama da injin tsohuwar fijon marigayi mahaifinsa a Ƙofar Galadima, 'yan'uwa suna ta yi masa dariya. Ranar da ta tashi, magariba ce. Injin ya ɗau zafi, sai Sharfaddeen ya juye tafasasshen ruwan lagireto a gindin tsohuwar katanga, ko bisimilla babu.

Sai wani ƙarni ya taso, kamar an fige kaza.

"Malam, sannu da aiki."

Wata mata ce da goyo. Bai ji takunta ba. Tururi yana tashi daga bayanta, yaron ko motsi ba ya yi. A ƙarƙashin zanenta, kofato ne.

"Motar ubanka ta tashi," ta ce. "Ɗana da ke barci a gindin katangar nan fa, wa zai tashe shi?"