Fim Marar Kafa

Warin ne ya fara zuwa, kafin jifan. Ana gab da magariba, Inna tana kwashe shanya a tsakar gida, sai wani tsami ya taso daga ɗakin duhun da mijinta ke wanke hoto, irin na abincin da ya kwana uku a rufe. Ta toshe hanci, ta tofar da yawu. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, wani ya biyo shi. Ta leƙa waje, babu kowa a layin.

Mijin nata, Mai Hoto, mutum ne da ba ya ganin tarkace ya wuce. Kwanakin baya ya tsinto gwangwanin fim a wani shagon hoto da aka rushe. Fim ne marar kafa, wato babu 'yan kafofin nan da ke jere a gefe, waɗanda haƙoran kyamara ke kamawa su ja. Mai hankali watsar da shi zai yi. Shi kuwa ya shige ɗakin duhu, ya yanka shi, ya naɗe da baƙar takarda, ya cusa a tsohuwar kyamarar mahaifinsa mai murɗawa da hannu. Baki har kunne, wai hoto zai cika fim gefe da gefe, ba asara. Ya tsayar da 'yarsu Auta a bakin magudanar da yake zubar da ruwan wankin hoto, rana tana faɗuwa a bayansa, ya ɗauka.

A bakin magudanar nan Inna ta tarar da Auta da yammacin jifan. Budurwa mai tsabta, wadda ko cokalin wani ba ta sha da shi, ga ta durƙushe tana lasar baƙin dagwalon da ya daskare a wurin. Leɓɓanta sun yi toka-toka. Inna ta ja ta, ta ji kamar turmi take ja.

Kwana uku, kullum rana ta yi ja sai warin ya taso, jifa ya fara, a ji wani abu a ɗakin duhu yana laluben bango kamar mai neman ƙofa. Auta ta daina cin abinci, ƙudaje suka saba da fuskarta. Uban kuwa yana ɗaga fim ɗin da ya wanke, yana cewa tabon da ke kan kafaɗarta a hoton ƙura ce kawai. A rana ta huɗu Inna da kanta ta je ta taho da Malam, wani dattijo mai ruƙiyya.

Malam ya zauna kusa da yarinyar yana karatu har hasken tsakar gida ya fara dusashewa. Sai bakin Auta ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito da warin nan.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Mai gidan magudanar nan. Shekara goma sha tara mutumin nan yana sheƙa mana ruwan wari a ka, mun haƙura. Kyamarorinku kullum suna kama mu, ba ma damuwa, ta kafofin gefe muke ficewa. Shi ya rufe ni a abin da ba kafa. Jikin yarinyar nan kaɗai na samu a buɗe. Ka ɗauka daɗi nake ji? Gumi, yawu, majina. Ƙyamarku nake."

"To, za mu ƙone fim ɗin," in ji Malam.

"Ku ƙone ni, ku ƙone ta. Hoto ɗaya muke ciki."

"Sai mu huda gefe."

"Wane gefen? Ya cika shi da hoto. Kuma kafa ba ta buɗuwa a bango ko a ƙasa, sai a jikin mai rai da ke cikin hoton. Abin da kuka huda, da shi zan fita. Ku ba ni idonta."

Malam ya koma karatu da ƙarfi, har muryar ta yi kururuwa ta ce ko yatsa ɗaya ta yarda. Sai ya ɗaga fim ɗin a sauran hasken da ya rage. Ga Auta a tsakiya. A kusurwar ƙasa kuma ga doguwar inuwar Mai Hoto, fara fat yadda inuwa ke fita a fim, yatsansa a kan kyamara.

"Inuwa fa?" in ji Malam.

"Inuwar mai rai ai shi ne. Na karɓa."

Ido ya koma kan Mai Hoto. Bawan Allahn nan sai ya zura hannunsa a aljihu.

"Malam, da hannun nan fa nake ciyar da su," ya ce. "Ɗan yatsan ƙafarta fa, ƙaramin? Wa zai gani? Ai cikin takalmi yake."

Jin haka, har jifan ya tsaya. Abin kunya ne ko a baki, uba yana cinikin yatsan 'yarsa tana kwance a gabansa. Malam ya kau da kai. Auta ta juyo da ido jajir, ta tofa wa uban baƙin yawu a ƙafa.

"Tir," in ji muryar. "Ko mu ba ma haka."

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito da allurar ɗinkin buhu, ta karɓi fim daga hannun Malam. Ta nemo yatsan inuwar nan a tsanake, ta soke shi har allura ta ɓullo ta baya.

Wata iska ta yi fito ta kafar, ta bi magudana ta tafi da warin. Mai Hoto ya ƙwalla ƙara ya dafe aljihu. Auta ta amayar da baƙin ruwa, ta buɗe ido, ta yamutsa fuska.

"Inna, me na ci? Ki ba ni ruwa in kurkure baki."

Tun daga ranar yatsan da Mai Hoto ke danna kyamara ya bushe kamar kara. Inna ba ta fasa zuba masa abinci ba, amma kwanonsa daban take wankewa, da soso daban.