Hannun Hagu

Yayanta ko sallama bai yi ba. Mayafinta ya fizge a tsakar falo, ya ga shatin yatsu a wuyanta, sai ya juya ya kai wa mijinta, mai aski, naushi a baki. Mai askin ya zube jikin kujera, jini na bin haɓarsa, ko karewa bai yi ba.

"Yaya, don Allah ka bari! Ba shi ba ne... hannunsa ne."

"Hannun nasa na maƙwabci ne?"

Ya rantse yau sai an sake ta. Ita kuwa ta rasa ta ina za ta fara. Tun bara aka ce mijinta ciwon Fakinsan gare shi, mai sa jiki karkarwa, yana ta haɗiyar ƙwayoyi amma ko gezau. Hannun hagun ya sandare, daga baya ya fara yawon kansa. Shi ya yanki kunnen wani har aka rufe shago. Shi ya shaƙe ta da safe tana sa masa maɓallin riga, mijin na kuka yana ɓamɓare shi da na dama.

Da ma ranar za su ga likitar ƙwaƙwalwa. Ta roƙi yayan ya biyo su, in ya so ya raba auren a can.

Likita ta sa mijin kallon sama da ƙasa, idanu lafiya. Ta auna jininsa a kwance da a tsaye, awon bai sauka ba. Ta tambaya ko yana ganin mutanen da babu su, ya ce a'a. Da kowace amsa tana cire wani ciwo daga zato. Sai ta ce ya nuna yadda ake riƙe almakashi. Mutumin da ya tsufa a kan aski ya tsaya yana kallon yatsunsa, ya kasa.

Yayan ya matso yana tsaki. Nan take hannun ya cafki kwalar rigarsa, ya murɗe har idanunsa suka firfito. Su uku suka taru kafin ya saki.

Likita ta ce wannan ba Fakinsan ba ne, mai kama da shi ne. Gefe ɗaya na ƙwaƙwalwa ke lalacewa, hannun ya daina jin maganar mai shi, kuma babu maganin warkewa.

Mijin ya dubi matarsa, leɓensa a kumbure.

"Masoyiyata, ki bi Yaya... wata rana kashe ki zai yi."

Tausayinsa ya cika mata zuciya, ta ce:

"Hannu ɗaya ne ya juya mini baya. Sauranka duk nawa ne."

Da suka fito, yayan ya goge idonsa da kwalar da ta yage, ya zagaya gefen hagu, ya riƙe hannun da nasa biyu.

"Ke koma dama," ya ce. "Wannan ni zai riƙa shaƙewa."