Kafaɗar Baya

A bakin gonar tuffa Hemlata ta tare shi, tana haki saboda hawan dutse.

"Tikam, da gaske mahaifiyarka ta kai maganarmu gaban Devta?"

Bai iya kallonta ba. Ya ce haka ne, gobe da hantsi za a fito da abin bautar ƙauyen a kan karagarsa a tambaye shi. In karagar ta sunkuya gaba an yarda da auren, in ta ja baya shi ke nan.

Dariya ta yi har da dafe ƙirji. Ai gidan su Tikam ne ke ɗaukar sandunan baya na karagar tun kaka da kakanni, kuma tun rasuwar mahaifinsa kafaɗarsa ce a wurin.

"To me ya rage, abin ƙaunata? Ka ɗan tura gaba mana..."

"Ba mu muke tura ta ba, Hema. Ita take tafiya da mu."

Kowa a kwarin Kullu haka yake faɗa. Ita ma haka take gaya wa baƙin da take zagayawa da su tsohon ɗakin bautar nan na katako, su yi ta ɗaukar hoto suna gyaɗa kai. Wannan aikin ne ma laifinta a wajen Tara Devi, uwar Tikam, wadda ba ta son suruka mai yawo da mazan birni. Sai dai ba ta taɓa cewa a'a da bakinta ba. Me zai sa, alhali akwai mai faɗa a madadinta?

Washegari aka buga ganguna, aka busa dogayen ƙahonni. Fuskokin azurfa na karagar suna ƙyalli. Tara Devi ta tsaya a sahun gaba da farin mayafinta, ba Devta take kallo ba, ɗanta take kallo.

Aka yi tambayar. Karagar ta yi rangaji, ta fara sunkuyawa gaba... Sai ta tsaya cak, ta ja baya taku uku.

Jama'a suka sunkuyar da kai. Hemlata kuwa ƙafafun Tikam ta zuba wa ido. Shekara shida tana kallon wannan karaga, ta san wanda aka fizga tangal-tangal yake yi. Tikam bai yi ba. Har dutsen da ke bayansa ya tsallake.

Da aka watse ya zo, idanunsa jawur.

"Hema, kin dai gani, Devta ne..."

"Na ga dugaduganka," ta ce a hankali. "Da ma ka gaya mini jiya a gona."

Ya buɗe baki, uwarsa ta kira shi. Ya tafi.

Wata baƙuwa mai kyamara ta matso tana murmushi, ta tambayi me ja da bayan nan yake nufi. Hemlata ta share hawaye da gefen mayafinta.

"Abin bauta ne ya ƙi, Madam. Shi yake tafiya da su."