Ƙofar da Rilwanu Ya Buɗe

Barira ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin Rilwanu ba. Ku matso kusa, ku rage murya, in ba ku labarinta.

Ranar kasuwa ce. Tana tsaye a kan tudun da ke bayan gari, gindin ƙarfen sabis, ta ɗaga waya sama tana neman yayanta, kira ya ƙi shiga. Sai ga mai gyaran ƙarfen ya sauko, igiya ɗaure a ƙugunsa.

"Malama, hannunki zai gaji a banza."

"To ai ƙarfenku ne malalaci."

Ya yi dariya. Ya ce ƙarfen nan kamar gida ne mai ƙofofi da yawa. Kowace waya kafin ta shiga sai ta zaɓi ƙofa ɗaya, canki-canka, ta ƙwanƙwasa. In waya biyu suka faɗa ƙofa ɗaya lokaci ɗaya, sai su yi karo, a koro su duka.

"Ashe wayoyi ma ba su iya bin layi ba," in ji ta.

Kafin damina ta zagayo an ɗaura musu aure.

Akwai abin da ya faɗa mata bayan biki. Tsamiya aka sare aka kafa ƙarfen nan. Shi ya sa wanda ya koya masa aiki ya bar ƙofa ɗaya a rufe, ba wayar da ke faɗa mata. Ta masu wuri ce.

"Ki yi min alkawari ba za ki hau tudun nan ke kaɗai da almuru ba."

Ta kama kunnensa tana dariya. "Alkawari kaya ne, maigida. Ni ban iya dako ba."

Ba ta yi ba. Kullum ya roƙa, kullum ta kauce da wasa.

Sai aka kawo sabon inji, wanda ke sa ƙarfen ya yi magana kuma ya saurara a lokaci guda. Ƙofofi suka ƙaru, amma jama'a sun fi su yawa. Wata ranar kasuwa matar maƙwabcinsu ta kama naƙuda, aka yi ta kiran mota, wayoyi na ta karo. Jaririn bai zo da rai ba. Rilwanu bai ci abinci ba. Washegari ya hau ya buɗe ƙofar nan ta masu wuri.

Ba a jima ba aka tsince shi zaune a gindin ƙarfen, babu rai. Bai faɗo ba. Babu rauni. Waya a kunnensa, fuskarsa da murmushi.

Barira ta shiga takaba. A cikin takabar ta gane tana da ciki. Abin da ya fi cin ranta ke nan: ya tafi bai sani ba. Ta kan kira lambarsa, a ce a kashe take. Ta sake kira.

Kun san mai takaba ba ta yawo. Kun san mai ciki ba ta fita da almuru. Barira ta yafa mayafi ta zare jiki ta ƙofar baya.

Tudun shiru. Ko janareta ba ya ƙara. Wata mata na zaune jikin shinge, zanenta ya rufe ƙafafunta.

"Sannu, Inna, ko kin..."

"Na gan shi, 'yata."

Barira ba ta ƙarasa tambaya ba, amsa ta riga ta zo. Bakin matar na motsi tare da nata, tana ji tana magana.

"Wayarki lalube take yi. Kawo in zaɓa miki ƙofa."

Matar ta taɓa wayar da farce ɗaya. Zanen ya ɗan zame. Diddigen na gaba, yatsun na baya. Barira ta gani sarai. Amma wayar ta fara ƙara a kunnenta, ta kasa sauke ta.

"Barira."

Muryarsa ce, har da ɗan dusashewar nan ta safiya.

"Maigida..."

"Kashe. Kashe yanzu. Ni ma muryar mahaifiyata na ji. Ƙofar nan shiga ake, ba a..."

Ba ta jira shi ba. Ta yi magana a kan maganarsa, tana kuka. "Ina da ciki, Rilwanu. Naka ne."

Yana cikin cewa ta kashe, sai muryarsa ta karye. Ya ji. Yana magana ne, amma ya ji.

Sanyi ya kama ƙafafunta. Ya hau gwiwa. Tudun ya fara nisa, kamar ana janye shi. Ta ji tana zamewa ciki, kuma wallahi ba ta ƙi ba.

Sai cikinta ya motsa. Karo na farko. Ƙaramin bugu, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Wayar ta yi ƙit, ta ɗauke.

Matar ta miƙe tsaye, ta fi shingen tsawo. "Ku biyu ne?" Muryarta ta koma kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. "Ƙofa ɗaya, mutum biyu?"

Barira da ɗan cikinta sun yi karo. An koro su duka.

"Dawo in kin haihu, 'yata. Ke kaɗai. Yana jira."

Barira ta kama salati ta gangara, ba ta waiwaya ba. Shi ya sa nake gaya muku, ko sabis ya ɗauke a duk faɗin gari, kada ɗayanku ya hau tudun nan shi kaɗai.

Ta haifi ɗa namiji. Daren suna, bayan mata sun watse, wayar ta haska a kan tabarma. Sunan Rilwanu. Yanzu ita kaɗai ce a jikinta, ƙofar za ta karɓe ta. Ta daɗe tana kallon sunan, hawaye na ɗiga a kan zanen goyo. Sannan ta kife wayar, ta ɗauki yaron ta rungume, ta ce a fili:

"Na ɗauki kayan, maigida. Na yi alkawari. Ba zan hau ba."