Wayar Shanyar Kaka

Wa ya aike ku tambayar wayar shanyata? Yaran yanzu ba ku da ta ido. To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Ɗiyana biyu Faransa ta ɗiba soja, ubanku Haruna da ƙanensa Illo. Haruna ya dawo Madarunfa. Illo aka wuce da shi yaƙi a wata ƙasa mai nisa wai ita Indoshin, shekara uku ko takarda babu. Sai Haruna ya ce zai haɗa radiyo irin wadda ya koya a bariki, ko a ji labarin yaƙin. Ya naɗe siririyar waya a jikin gora, ya kafa aska mai tsatsa a katako, ya ja doguwar waya zuwa kan tsamiya, wata kuma ya ɗaure ta a turken ƙarfe a gindinta. Kullum yana goga allura kan askar, abin saurare a kunne, ba ya jin komai sai shuuu.

Wata magariba ya ce ƙasa ce ta bushe, a jiƙa turken. Tafasasshen ruwan tuwo ne kusa da ni. Na kwarara, ban yi bisimilla ba.

Nan take radiyo ta yi magana. Kaji suka yi tsit. Tsakuwa ta faɗo kan rumbu, sai wata. Yayarku Zainabu ta zube tana ihu bayanta na ƙuna.

Kwana shida ko ruwa ba ta haɗiya sai da ɗura. Aka ɗauko Malam Abarshi daga Safo. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan wata murya ta fito daga bakin yarinya, muryar babbar mace.

"Jinjirina na kwance gindin turke. Kun dafa shi."

"Ba da sani ba ne," in ji Malam. "Me kike so?"

"Ku bar mini yarinyar, in faɗa muku inda Illo yake. Duk abin da ke bin wayar nan ina ji."

"Yarinya ba ta yi miki laifi ba. Ki ji tsoron Allah."

Ta daɗe tana kuka.

"To a cire ƙarfe daga kabarin ɗana. Kada a ƙara saurare a gidan nan. Na rasa nawa, tsohuwa ma ta zauna ba labarin nata."

Haruna ya dube ni. "Inna…"

"Inna me? Wadda ke numfashi gabanka kake shawara a kanta? Tumɓuke!"

Ya tumɓuke. Zainabu ta yi atishawa uku, ta nemi fura.

Illo kuwa, har yau. Wayar mai ƙwari ce, ban ga dalilin yar da ita ba.

Me kuke kallo? Hayaƙi ne ya shiga mini ido. Ku tashi ku kwanta, kowa ya yi bisimilla.