Ban Sallama Ba

Wata tsohuwar tarakta ja Yusha'u ya saya a Tanda, wurin magadan wani manomi da ya rasu bara. Ta girme shi nesa ba kusa ba. An naɗe sitiyarinta da roba, robar kuma ta lotsa wuri uku a hagu, kamar sawun yatsu.

Ranar da ya fara shigar da ita gonar shinkafarsa, daidai magariba sai taraktar ta mutu a tsakiyar fadama. Ya murɗa makulli har hannunsa ya gaji. Kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya. Sai ya ji warin gazuwal, man taraktar, ya gauraya da ƙamshin kafur, irin na wankan gawa.

"Ba a matsa mata, ɗana. Lallaɓa ta ake yi."

Wani dattijo ne tsaye gefen taya, farin mayafinsa ko ɗigon laka babu.

"Sannu, Baba. Ka san ta ne?"

"Wa ya sallama maka ita?"

"'Ya'yan marigayin."

Dattijon ya jinjina kai. "Ciniki ba ya faɗawa sai mai abu ya ce na sallama. Ni kuwa ban ce ba."

Ya miƙo hannun hagu ya ɗora kan sitiyarin, inji ya tashi da kansa. Yusha'u ya dubi hannun. Yatsu uku ne kacal, kowanne ya zauna daram cikin gurbinsa.